Hular Kwano a Jinginar Ƙugiya

Ku matso nan. Kai babban, kashe rediyon nan, ba sai na kira sunanka ba. Zubaidatu, miƙa wa mijinki yaron ya riƙe, ba narkewa zai yi ba. Idris, zauna a tabarma, kujerar nan ƙafarta ɗaya ta karye. Magana ce tsakanina da kawunku Dogara, ta daɗe a kwance, jiya ya aiko a tashe ta. Lokacin da abin ya faru kuna makarantar kwana, abin da kuka sani daga bakinsa kuka ji shi. Yau ku ji yadda aka yi, don ku za ku yanke.

Shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama kawunku ya dawo Keffi daga Kaduna. Ya sauka a tasha da akwatin ƙarfe, da usur rataye a wuya, da bel ɗin fata mai faɗin tafin hannu, da hular kwano ta tagulla mai zanko irin na zakara. Aikin da ya yi a can shi ne wanke tayoyin motar 'yan kwana-kwana. Matarsa Huraira ce ta gaya mini, ita ke wanke rigar. Hular kuwa wadda ta lotse ce aka yar, ya tsinta ya kai wa maƙeri ya buɗe ta. Amma a bakinsa babu gobarar da aka yi a Kaduna da ba shi ya kashe ta ba. Ya ce akwai ranar da ya sauko daga bene da mutum ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hammata, jariri kuma a baki kamar yadda kyanwa ke yi.

A lokacin wani kamfani yana shimfiɗa kwalta ta wajen Garaku. Sun haƙa ramuka suna ɗibar marmara, ruwa ya cika ramukan, har wani lebura ya kusa tafiya. Sai fomen ɗinsu, wani Mista Jethro, ya bar saƙo a gari cewa ana neman hediman ceto, za a ba shi kaki da babur. Sharaɗin, ya san kalmomin ceto da Turanci, don leburorin daga ko'ina aka kwaso su, wannan Tibi, wancan Ibo, in mutum yana nutsewa ba a tsaya neman tafinta ba. Tun ranar da Dogara ya ji maganar babur ɗin nan ya daina tafiya kamar mutane. Hannuwa biyu a gaba, yana murɗa iska. Ya je ya sami Mista Jethro, aka ce ya shirya, za a zo a ga gwajinsa da ido.

Da yammar nan ya tara Angwan Iya a gindin mangwaro, jikin katangar Malam Malachi, malamin firamaren mishan. Ya ba shi gawayi ya ce ya rubuta masa kalmomi huɗu a bango, manya-manya. Malam ya rubuta help, save, rescue, salvage. Ni da na yi yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙaƙen, shi mai hular ba ya iyawa, sai dai ya nuna da sanda daga dama zuwa hagu.

"Mu kalma ɗaya gare mu, ceto," in ji Dogara. "Shi ya sa muke mutuwa. Bature ya raba abin gida huɗu, kowane gida da kayan aikinsa. Na farko helep. Mutum bai kai ga halaka ba, taimako kawai yake so. Ba a ɗaukar komai, hannu ake miƙa masa. Na biyu seb. Rai ne ke shirin fita, ko wuta ta kama. Bokitin ruwa. Na uku reskiyu. Mutum ya maƙale inda ba zai fita da kansa ba, rami ko bene ko kogi. Igiya da tsani. Na huɗu salbej." Nan ya yamutsa fuska. "Wannan ba na mutane ba ne. Na kaya ne, tarkacen da ya rage bayan an yi hasara, kamar gugan da ya faɗa rijiya. Ƙugiya ake sa masa. Duk abin da kuka ga an jawo da ƙugiya, to ba mutum ba ne, ko da yana magana."

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Malam Malachi ya goge gawayin hannunsa ya ce, "Maƙwabci, ma'anar ba ka yi nisa da ita ba. Amma bokitin nan da tsanin, a ina ka samo su? Bature in abu ya same shi, na farkon nan yake kira, ko ruwa ne ko wuta. Ta biyun kuma ta fi yadda ka faɗa faɗi. Da ita ake tsirar da rai, da ita ake adana hatsi kada ya lalace."

"Malam, kai Turancin aji ka sani. Ni Turancin gobara."

"Ka ma bar ɗaya. Akwai deliver, wadda muke faɗa a addu'a, a kuɓutar da mu daga mugun abu."

"Wannan ta Allah ce," in ji Dogara. "Ba mu da kayan aikinta."

Nan take ya ɗauki mutum biyu, ya yi musu alkawarin kaki. Zakka, mutumin Agwada, mai faskare, ƙato ne wanda in ka ce masa tsaya nan, gobe ka tarar da shi a nan. Sai Monday mai gyaran keke, wanda amsarsa ɗaya ce ga komai, "To, oga." Ya kafa musu doka: ba wanda zai motsa sai ya ji ɗaya daga kalmomin nan huɗu. Ihun Hausa ba ya cikin lissafi. In sun saba da shi, ranar da baƙo ya zo za su ba shi kunya.

Susana, matar Malam Malachi, ita ta fara gano amfanin dokar. Da safe aka ji murya daga bakin rijiya tana kiran helep. Dogara ya busa usur, su uku suka taho a guje, hular tana rawa a kansa. Suka tarar da ita tsaye lafiya lau, ga tulu cike a ƙasa.

"A ɗora mini," ta ce.

"Ina hatsarin?"

"Kai ka ce ba sai an kai ga halaka ba. Hannu nake so."

Doka doka ce, suka ɗora. Kafin mako ya zagayo babu matar da ba ta iya Turanci ba a Angwan Iya. Sun ɗora itace, sun kama kaza, sun riƙe jariri uwarsa tana ɗaura zane. Zakka ya tsaya a layin injin niƙa a madadin mata uku. Ni ma na sa sun ɗaga mini turmi daga wannan lungu zuwa wancan, da na ga bai yi ba na sa suka mayar.

Sai ranar da na ɗora kalwa zan yi daddawa. Kun san yadda take cin wuta, kun san hayaƙinta. Ina zaune ina fifita wutar sai na ji usur a bayan katanga, na ji muryar ƙanena yana kiran seb da bakinsa, tunda ba wanda ya kira masa. Kafin in miƙe, bokiti uku na ruwa sun tsallako katanga. Ɗaya ya kashe wutar, ɗaya ya kwashe toka ya zuba a tukunya, na ukun a kaina ya ƙare. Na fita da muciya.

"Yaya, da ba mu zo ba da yanzu gidan nan ya zama toka."

"Tsaya nan in nuna maka toka."

Bai tsaya ba. Zakka ne ya tsaya, don ba a ce masa ya gudu ba, sai da na ji kunyar dukansa.

Saura gwajin igiya da tsani. Igiya ya saya sabuwa. Tsani kuwa babu, sai ga wani jingine a katangar Malam Malachi. Suka ɗauka suka nufi bakin kogi, ba su ɗaga kai sun ga mai shi yana kan rufi yana toshe inda kwano ke yoyo ba. Susana ta tafi kasuwa. Malam ya yini a kan kwano, rana tana gasa shi ta sama, kwano ta ƙasa. Da la'asar suka dawo wucewa da tsanin a kafaɗa.

"Dogara, jingina mini tsanina."

Dogara ya dubi mutanensa ya ce, "Kun ji wani abu?"

"Hausa ce, oga," in ji Monday.

"Kai, Dogara, ba wasa nake yi ba. Ƙafata ta ƙone."

"Malam, kai ka rubuta su da hannunka. Ga su can a bango, zaɓi ɗaya."

Malam ya haɗiye abin da ya so faɗa, tunda shi mai wa'azi ne ran Lahadi, ya faɗi ta ukun a tsakanin haƙora. Aka busa usur, aka jingina masa tsaninsa, aka riƙe shi ta hammata ana sauko da shi yana fizgewa. Kafin magariba labari ya kai tasha cewa Dogara ya ceto malamin makaranta daga saman bene. Gidan Malam kuwa kun san shi, ko akuya tana iya hawa.

Ranar gwaji ta zo a ƙarshen rani, lokacin da ruwan tsohuwar rijiyar unguwa ya yi ƙasa can, sauran duk laka. Tun da safe Dogara ya sa aka kwashe gugunan mata daga bakin rijiyar don wurin ya yi tsaf. Ya goge hular da toka da lemun tsami har tana kashe ido. Da hantsi Mista Jethro ya iso a Landirobar kamfani, aka ba shi kujera a inuwa. Unguwa ta fito kaf, har da mutanen tasha. Ni kaɗai ban je ba, ina fushin daddawata.

Shirin shi ne a zura Zakka cikin rijiya ya kira reskiyu, Dogara ya shiga ya fito da shi. Zakka ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ja baya.

"Oga, duk abin da ka ce zan yi, amma a kan ƙasa."

Ba a taɓa jin Zakka ya ƙi abu ba, saboda haka ba wanda ya san yadda ake lallashinsa. Dogara ya sa aka kawo buhun ƙaiƙayi, aka sa masa tsohuwar rigarsa, aka jefa.

Malam Malachi, wanda tafin ƙafarsa bai gama warkewa ba, ya ce daga cikin taro, "Buhu ne wannan. A dokarka kaya ke nan, ƙugiya za a nema."

"Ya sa riga."

"Riga ce ke mayar da shi mutum?"

"Malam, rabin waɗanda ke tsaye a nan ita ce ta mayar da su."

Aka yi dariya, Mista Jethro ma ya murmusa, kan Dogara ya ƙara kumbura. Ya juya ga mutanensa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yau zan gwada ku a gaban baƙo. In na shiga zan yi ihu da Hausa. Zan kira uwata, zan haɗa ku da Allah, zan yi kuka. Duk wanda ya motsa kafin ya ji Turanci ya rasa kakinsa."

"To, oga."

Ya cire hular ya miƙa wa Huraira. "Riƙe, kada laka ta taɓa ta."

"Ba don tsare kai aka yi ta ba, Maigida?"

"Don a gani aka yi ta."

Ya ɗaure igiyarsa a itacen da ke gicciye a bakin rijiyar, da wani irin ƙulli da ya ce sunansa ƙullin Kaduna, babu mai irinsa daga nan har Jos. Ya sa usur a baki, ya sara wa baƙo, ya fara sauka. Ya yi rabi lafiya. Daga nan ya ji igiyar ta yi masa laushi a hannu, ya ɗaga kai, sai ya ga ƙullin Kaduna yana biyo shi.

Faɗuwar ba ta yi masa rauni ba, laka ce ta karɓe shi. Ta riƙe shi har gwiwa, ruwa ya zo masa ƙirji, buhun yana yawo a gefensa da rigarsa. Ya ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta ƙara shiga. Ya busa usur, laka ta fito. Can sama ga sararin Allah ya koma kamar faifai, kawunan mutane sun kewaye shi.

"Wayyo Allah, jama'a ku cece ni! Igiya ta kwance!"

Aka yi tafi.

"Inna! Zakka, don girman Allah!"

Tafin ya ƙaru. Mista Jethro ya taso ya leƙa ya ce, "Gaskiya ya iya. Kamar da gaske." Zakka ya ƙame, hannuwa a cinya, hawaye na bin fuskarsa. Monday ya raɗa masa, "Gwaji ne, kar ka yarda."

Ruwan ya taɓa wuyan rigarsa kafin Dogara ya tuna da dokar kansa. Ya laluba a kansa, kalmar da ta fara zuwa ita ya kama. "Helep!"

Zakka da Monday suka faɗi rubda ciki a bakin rijiya, suka miƙa hannuwa huɗu. Tsakanin hannuwan da shi akwai tsawon bishiyar giginya.

"Ba wannan ba, jakuna. Seb!"

Bokitan suna nan a cike tun safe. Uku suka sauka a kansa, ɗaya bayan ɗaya, ba su zubar da ko ɗigo a gefe ba. Ya yi tari ya yi kaki, muryarsa ta fito da ƙyar. "Ruwa kuke ƙara mini?"

"Kai ka kira, oga."

"Reskiyu. Reskiyu na ce."

"Igiyar tana wurinka, oga."

A nan ne Huraira ta ture mutane ta leƙa. Ta ce, "Wannan ba wasa ba ne. Muryar nan na san ta, da ita ya yi ihu ranar da kunama ta harbe shi." Sai wuri ya rikice. Malam Malachi, Allah ya saka masa, ya ɗingisa ya ɗauko tsanin da ya kulle a ɗaki tun ranar rufi. Aka zura, ya tsaya can sama yana lilo kamar mai gaisuwa daga nesa. Aka ruga gidaje neman gugunan da aka kora da safe, aka samo igiya aka jefa masa. Ya kama, aka ja, hannunsa duk laka, igiya ta zame ta tafi da fatar tafinsa.

"Ɗaura a ƙugunka," in ji Mista Jethro.

Ya ɗaura. Ƙulli ɗaya ya sani a duniya. Aka ja, igiya ta fito ita kaɗai.

Ina tsakar gida ina tsince kalwa Huraira ta faɗo ba sallama. Yanzu ku da kuka saba da famfo sai na tuna muku. Ƙugiyar fid da guga ɗaya ce a duk unguwar, a gidan nan take, gadon uwata. Ƙirar maƙerin da ne, haƙoranta sun kai kaurin yatsa. Kuma tun zamanin uwata ba a ba da aronta sai da jingina. Ka ajiye kwanonka ko tabarmarka, ka dawo da ita ka ɗauki abinka. Matar liman ma sai ta ajiye. Da ba haka ake yi ba da ba ta kai zamanina ba.

"Yaya, ƙugiya."

"Gugan wa ya faɗa?"

"Ƙanenki ne."

"Jingina."

"Yaya, nutsewa yake yi."

"To yi sauri ki ajiye."

Ta dubi jikinta, ta dubi hannunta, sai ta dangwarar da hular a kan turmi. Kada ku kalle ni haka. Na haɗa mata da igiyata mai kauri, na ƙulla da hannuna, kuma a guje na bi ta, ko takalmi ban sa ba.

Mun tarar ruwa ya kai masa haɓa, ya ɗaga fuska sama kamar mai kallon wata. Huraira ta zura ƙugiya, don a unguwar ba wadda ta kai ta iya farautar guga. Da ya ga abin da ke saukowa sai ya sa hannu ya ture.

"Kada a sako mini wannan a gaban baƙo. Ni ba kaya ba ne."

"Maigida, kama."

"A nemo dogon tsani."

"Daga Kaduna?" na ce. "Dogara, ka bar ta ta kama ka, ko in ja abata in koma gida, kalwata tana jira."

Zakka ya riga ya naɗe igiyar a damtse, amma ya ƙi ja. Ya leƙa ya ce cikin ladabi, "Oga, faɗi kalmar. Ina son kakin nan."

Ruwan ya taɓa leɓensa na ƙasa. Dogara ya dubi faifan nan na sama, ya hango inuwar Mista Jethro a gefe, ya ga babur ɗinsa yana tafiya ba shi a kai. Ya motsa baki.

"Ban ji ba, oga."

"Salbej!"

Rijiya tana ƙara wa murya ƙarfi. An ce har masu tuyar doya a tasha sun ji.

Huraira ta kaɗa ƙugiya, ta ji nauyi, aka ja. Buhun ne ya fito da rigarsa yana ɗigar ruwa. Wani ya ce to, mai rigar dai ya tsira. Aka sake zurawa, ta fito da gugan Susana da ya ɓata tun bara. A na uku Huraira ta ce masa ya sunkuya, ya riƙe numfashi ya sunkuya, haƙoran suka shige bel ɗin fatar nan ta baya. Zakka ya ja, Monday ya ja, Malam da Mista Jethro da duk mai hannu suka kama. Lakar ta yi gardama, daga baya ta yarda a raba: ta saki mutum, ta riƙe wando.

Haka kawunku ya fito, a naɗe biyu, ƙugu a sama, kai da ƙafafu suna reto, yana juyawa a hankali kamar naman da aka rataye. Mata suka juya baya suna leƙe. Aka tuɓe wa buhun rigarsa aka sa masa.

Da ya gama amayar da ruwa, Mista Jethro ya juya ga Malam Malachi ya ce, "Malam, wannan da muka yi yanzu, wace kalma ce a cikin huɗun?"

Malam mutumin kirki ne. Ya ce, "A Turancin aji, ta ukun ce, an fid da mutum daga inda ya maƙale. A Turancin gobara kuwa, sai a tambayi mai shi."

"Oga ya riga ya faɗa," in ji Monday. "Ya ce ko da yana magana."

Dariyar da aka yi, wasu har da zama a ƙasa. Dogara ya miƙe cikin rigar buhu, ya zare ƙugiyar daga bel ɗinsa, ya kwance ƙullina da haƙora, ya wurga ta cikin rijiya. Ina tsaye na ji faɗuwarta.

Mista Jethro ya jira wuri ya lafa. Ya ce bai taɓa ganin masu bin umarni kamar Zakka da Monday ba, su zo ran Litinin a auna musu kaki. Sannan ya dubi kawunku ya ce, "Don Allah, a Kaduna wane aiki ka yi?"

Dogara ya buɗe baki zai fara da benen nan, Huraira ta riga shi. "Wankin taya, ranka ya daɗe. Kuma ya iya."

"Muna da tayoyi," in ji Mista Jethro.

Haka ya wanke tayoyin tifa har kwalta ta wuce Garaku, a bayan tifar yake zuwa yake dawowa. Babur ɗin wani aka ba. Sunan nan Salbej da 'yan tasha ke kiransa da shi har yau, wanda kuke tsammanin na ƙuruciya ne, a ranar ya samo shi. Ƙugiyata kuwa masu yasar rijiya sun shiga sun laluba, lakar ta haɗiye ta tare da wandon. Da famfo ya zo aka cike rijiyar, yanzu shagon tela ne a kanta.

To, ga abin da ya sa na tara ku. Ɗansa Husaini ya sami aikin kwana-kwana a Jos, na gaske, mai hawa mota. Uban yana so ya yi masa walima, ya ɗora masa hular a kai a gaban mutane ya ce gadon gida ne. Jiya ya aiko a karɓa. Hujjarsa, ba shi ya ajiye ta ba, matarsa ce, ba da izininsa ba, kuma ba a karɓar jingina a kan ran ɗan'uwa. Tawa hujjar, ba wanda ya taɓa ɗaukar abinsa a gidan nan bai dawo da ƙugiya ba, kuma da hannunsa ya jefa ta, bayan ta gama yi masa aiki. Ya haɗo ɗan aiken da wata ƙugiyar waya ta kasuwa, ga ta can a kan taga, ko kwanon sha ba za ta ɗaga ba. Na mayar masa da amsa cewa ba ni da tsanani. Kowace ƙugiya ya kawo zan karɓa, in dai za ta yi abin da tawa ta yi. Akwai rijiya a bayan masallaci, ya shiga mu gwada. Ya ce na raina shi.

Kawunku ne, ni kuma uwarku, ban ce ku bi bayana ba. Ku shiga ɗaki ku yi shawara, abin da kuka yanke na yarda. Sai dai ku sani hular tana bayan rumbu, baƙar kazar nan tana kwanci a ciki, kuma kun san halinta. Duk wanda ya ce a mayar masa, shi zai sa hannu ya ɗaga ta. In ta kama shi ya kira duk kalmar da ya ga dama, ni ba na jin Turanci.